Sharhi: Injin Ban Ruwa Mai Aiki da Sola Bayan Rani Guda a Fadama

Injin da na gwada na ɗorawa a bakin rijiya ne, mai bakin inci 2, ƙarfinsa wat 1,100, yana aiki da wutar DC, wato irin wadda allon sola ke bayarwa, kai tsaye ba batir. Na haɗa shi da allunan sola uku masu wat 550 kowanne, an haɗa wayoyinsu a jere ɗaya, wutar wannan na bi ta cikin wancan, sai akwatin kwantrola mai daidaita wuta a tsakaninsu da injin. Ƙa'idar ita ce ƙarfin alluna ya ɗara na injin da kamar kashi 30 cikin ɗari, domin abin da aka rubuta a bayan allo ba shi yake bayarwa a gona ba. Zafin Maris da Afrilu kansa yana cinye wani kaso.

Ta fuskar hayaƙi lissafin a fili yake. Duk litar fetur ɗaya da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. Manomin da ke zuba lita 5 a kowane shayi, sau uku a mako, tsawon mako 16, ya ƙona lita 240, wato kabon sama da kilo 550 daga gona ɗaya, ban da baƙin mai da fulogi. A taron sauyin yanayi na duniya, COP26, na Glasgow a 2021 Najeriya ta yi alkawarin kaiwa matsayin da hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba nan da 2060. Gaskiya dai ba wannan alkawari ya kai manoman rani shagon masu sola ba, cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ne. Amma ko ta wace hanya aka bi, hayaƙin ya ragu.

Ruwan injin solar nan bai kai na injin fetur mai inci 3 ba, kada mai sayarwa ya ruɗe ka. Ƙarfinsa na gaske daga wajen goma na safe ne zuwa uku na yamma. Da hantsi yana zuwa a hankali, bayan la'asar kuma sai ya koma kamar na buta. Wanda ya saba shayi da asuba ko da dare dole ya sauya tsari, ko ya gina tafkin tara ruwa a wuri mai tudu. Kafin saye a yi wannan lissafi: milimita ɗaya ta ruwa a kan hekta guda lita 10,000 ce, tumatir da albasa kuwa a tsakiyar zafi suna son milimita 5 zuwa 7 a rana. A samu durom mai lita 200, a duba daƙiƙa nawa injin ke cika shi da tsakar rana, daga nan za a san fangali nawa zai iya shayarwa. Ga kayan lambu a rabin hekta ya wadatar. Shinkafa a ƙasa mai yashi kam, ban ba da shawara ba.

Inda aka fi faɗawa shi ne zurfi. Injin ɗorawa a bakin rijiya, na sola ne ko na fetur, ba ya zuƙo ruwan da ya yi ƙasa da mita 7 ko 8. A Disamba ruwan fadama na kusa, kowa na murna, sai Afrilu ya ja ƙasa, injin na juyawa amma mesa a bushe. A auna zurfin a ƙarshen rani, ba a farkonsa ba. Idan ya haura mita 6, a sayi mai nutsewa cikin rijiya kawai.

Sai iska a mesar zuƙo. Ɗan ƙaramin tsagu ko ɗaurin da bai kama ba ya isa ya yanke ruwa, kuma in injin ya yi ta juyawa a bushe robar da ke hana yoyo a bayan fanka za ta ƙone. A sa bawul mai hana ruwa komawa a ƙasan mesa, da rariya saboda yashi, a kuma cika kan injin da ruwa kafin tayarwa.

Alluna su fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 12 a yankin Kano, a bar sarari a ƙarƙashi iska na wucewa. Da yake a jere ɗaya suke, inuwar darbejiya a kan guda tana rage ƙarfin duka ukun. Lokacin hunturu a wanke su duk bayan kwana biyu ko uku, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. Kaurin waya kada ya gaza murabba'in milimita 4, kuma kafin a ƙara allo na huɗu a karanta iyakar ƙarfin wuta (volt) da aka rubuta a jikin kwantrola, don wuce ta ƙona akwatin yake yi nan take.

Abin da ya fi gundurata shi ne dako. Kowane allo ya haura mita 2 tsawo, nauyinsa ya doshi kilo 28, barinsa a gona da dare kuma ganganci ne. Sai an ƙera masa amalanke mai taya a wajen mai walda, kuma a sa kuɗinta cikin lissafi tun farko. Tsohon injin fetur ma kada a sayar, ranar da hazo ya rufe sama shi za a nema.