Gyararriyar kamara ko ta okaziyo: abin da na gaya wa ɗan yayata kafin ya fitar da kuɗinsa

Bayan sallar magariba ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida, ya miƙo salularsa ya ce, "Kawu, duba mini wannan." Hoton wata kamara ce baƙa wul, an rubuta mata megafiksel 48 da 4K da manyan baƙaƙe, amma babu sunan kamfani ko ɗaya a jikinta. Yaron ya daɗe yana tara ɗan abin da yake samu. Sha'awarsa ya ɗauki dawakin hawan Sallah a ƙofar fada, da duwatsun Birni, da zanen da ke jikin tsoffin gidaje kafin damina ta gama cinye su. Na ce masa salular da ke hannunsa ta fi waccan kamarar ɗaukar hoto. Irin waɗannan marasa suna, ɗan mitsitsin faranti ne a cikinsu yake kama haske, manhaja ce kawai ke kumbura hoton don lambar ta yi girma a jikin kwali.

Wanda kuɗinsa ba su kai sabuwa ba, tsohuwar kamara ta kamfanin gaske ita ce hanya. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai a kasuwa ana cakuɗa kalmomi biyu da bai kamata a cakuɗa ba. Ta okaziyo ita ce wadda wani ya yi aiki da ita ya sayar yadda take, da lafiyarta da cutarta. Gyararriya kuwa, wadda ake rubuta wa "reconditionné" a kwali, ita ce wadda ta koma hannun kamfani ko wani babban dila, aka buɗe ta, aka gwada, aka sauya abin da ya lalace, aka sake fitar da ita da garanti. A Amurka, Canon na ba irin wannan garantin shekara guda, Nikon kuma kwana 90.

Duk wannan daidai ne ga wanda ke zaune a can. Garantin da aka rubuta a Amurka ko Faransa ba ya tsallake hamada. In kamarar ta tsaya maka a Damagaram, kuɗin aika ta da dawo da ita da biyan duwan sun isa su saya maka wata. Amfanin gyararriya a wurinmu ɗaya ne: wani da ya san aiki ya riga ya duba ta kafin ta baro can. Shi ma sai in da takardar da ke nuna inda aka saye ta, mai ɗauke da lambar da ta yi daidai da wadda ke ƙarƙashin kamarar. In babu takarda, ka yi mata kuɗin okaziyo, ko da an naɗe ta da leda bakwai.

Na san haka ne don an taɓa yi mini. Kamarata ta farko a kwali mai tsabta na saye ta, da waccan kalmar manne a gefe, ban ko kunna ta sosai ba don kunyar mai shago. Ranar Sallah na tsaya cikin rana ina ta ɗaukar mahaya, batir ya mutu tun kafin azahar. Da na zo gida na zuba hotunan a kwamfuta, sai ga ɗige-ɗige shida a sararin sama, wuri ɗaya a kowane hoto, kamar ƙudaje sun sauka kan tuwo. Na koma wurin mai shagon, ya juya ta, ya hura mata baki, ya ce, "Malam, ai ƙurar garin nan ce." Ya yi gaskiya rabi. Ƙura ce, amma da ita aka sayar mini.

Kamarorin da mai farawa zai gamu da su iri uku ne. Akwai mai gilashin gaba, wato objektif, a manne, wanda ba ya cirewa, irin Nikon P900 ta 2015 da ke jawo nesa har ninki 83. Tana burge mutum a shago, ka hango tsuntsu a kan hasumiyar masallaci kamar ka kai hannu. Amma farantin cikinta, wato sensa, bai wuce milimita 6 da ɗoriya a faɗi ba, alhali na kamarorin da zan ambata a ƙasa ya kai milimita 22 zuwa 23. Da rana ta yi sanyi, ko ka shiga zaure, hotonta sai ya yi yashi-yashi. Kuma in ƙura ta samu hanya ta shige, sai an kwance kamarar gaba ɗaya. Ba na ba mai koyo shawarar ta, sai in tsuntsaye kaɗai ya sa gaba.

Akwai wadda ake cire wa gilashi, marar madubi a ciki, irin Sony a6000 ta 2014. Ƙarama ce, ba nauyi, megafiksel 24, tana ɗaukar hoto 11 cikin daƙiƙa guda, abin da ya dace da sukuwar dawaki ko filin kokowa. Aibinta biyu ne a wurinmu. Batirinta hoto 360 ne aka ƙiyasta masa a caji ɗaya, a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama. Sannan da ka cire gilashi, sensar na nan tsirara tana kallon iska, ba abin da ya tare ta. Wanda ya taɓa shanya farar riga a tsakar gida cikin hunturu ya san me nake nufi. Wata ƴar gargaɗi kuma: Sony da aka yi don kasuwar Japan rubutun cikinta Japananci ne kawai, ba Faransanci ba Ingilishi. Ka kunna ka gani da idonka. Ita kuma Canon M50, kyakkyawa ce, amma kamfanin ya daina yin wannan layin, gilasanta za su yi ta ƙaranci.

Na uku, mai madubi, wadda masu hoto a nan ke kira refles, ita nake zaɓa wa mai farawa. Tana da ɗan nauyi, Turawa sun fara gudunta, shi ya sa ta yi araha. Batirinta na jimrewa, don ta cikin madubi kake leƙe, ba allo ke cin wuta ba. Nikon D3500 ta 2018 hoto 1,550 aka ƙiyasta mata a caji ɗaya. Kuma gilasanta sun cika duniya: bakin da Nikon ke ɗaura gilashi a kai tun 1959 yake, na Canon tun 1987.

Canon ko Nikon? Gardama ce irin ta masu shayi, ba ta ƙarewa. Amsar da ta fi amfani ita ce ka leƙa wurin masu ɗaukar hoton biki da suna a unguwarku, ka ga me suke riƙe da shi. Wanda suke da shi, shi za ka samu aron batir da gilashi da mai nuna maka. Amma akwai wani sirri da ƴan kasuwa ba su faɗa, don yawancinsu ba su ma sani ba: ba kullum ƙanwa ke fin yayarta ba. Nikon D3300 ta 2014 tana girgiza sensarta don kakkaɓe ƙura. D3400 ta 2016 da D3500 an cire musu wannan. Haka a gidan Canon: 600D ta 2011 da 700D ta 2013 suna da abin kakkaɓe ƙurar, da allo mai juyawa, su kuwa 1300D da 2000D da 4000D da suka zo daga baya ba su da ko ɗaya. 4000D har bakin ɗaura gilashinta roba ne. A ƙasar da ke wanka da ruwan sama wata tara wannan ƙaramin abu ne. A nan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne bambancin hoto mai tsabta da mai ƙudaje. Da a ba ni 2000D a kwali da 700D mai ɗan goge-goge a kusurwa, ta biyun zan ɗauka, duk da megafiksel 18 gare ta, waccan 24. Goma sha takwas sun isa a wanke hoto babba a rataye a falo.

Sunaye ma kan ruɗa mutum. 600D ita ce Rebel T3i a Amurka, 700D ita ce T5i, a Japan kuma Kiss ake rubuta musu. Kaya ɗaya ne, kada a ƙara maka kuɗi don suna.

Wanda aljihunsa ya ɗan yi nauyi ya dubi Nikon D7100 ta 2013. An toshe gaɓoɓinta don ƙura da danshi, tana cin katin ajiya biyu, kuma an gwada ƙyaurenta zuwa ƙyaftawa 150,000.

Wannan ƙyauren shi ne zuciyar maganar. Duk hoton da aka ɗauka, wani ɗan ƙyaure ne a gaban sensa yake buɗewa ya rufe, kuma yana tsufa kamar yadda babur ke tsufa da kilomita. Ƙananan refles kusan ƙyaftawa 100,000 ake sa musu rai. Nikon na rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, ka ɗauki ɗaya ka loda a ɗaya daga shafukan intanet masu ƙirga shi, lambar za ta fito. Canon sai an haɗa ta da kwamfuta da wata manhaja. Wadda ta yi 15,000 yarinya ce. Wadda ta haura 80,000 ta sha bukukuwa, sai dai in an karya kuɗin sosai.

In ka je gani, ka tafi da katin ajiyarka, ka tafi da rana, kuma ka ajiye kunya a gida. Ka fita da ita ƙofar shago, ka matse ramin gilashi zuwa f/16 ko f/22, ka ɗauki sararin sama, sannan ka faɗaɗa hoton ka bi shi kusurwa-kusurwa. Ɗigon ƙura ana iya goge shi, sai a rage maka kuɗi. Dogon layi siriri kuwa ƙarzuwa ce, wani ya goge sensar da abin da bai dace ba, ka ajiye ta ka yi sallama. Ka rufe gilashi da marfinsa ka sake ɗauka: baƙi ƙirin ya kamata ka gani, ba ja da shuɗin ɗige masu yawa ba. Ka cire gilashin, ka haska fitilar salula ta bayansa. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, kuma kayan da suka daɗe a garuruwan bakin teku irin su Kwatano da Legas sun fi kamuwa da ita. Ka juya zoben zum, mai jawo nesa kusa, a hankali kusa da kunnenka, in kana jin ƙaras-ƙaras, yashi ya shiga. Ka ciro batir ka aza shi kan tebur, ka taɓa shi da yatsa: in yana lilo, ya kumbura. Ka dubi ƙananan kusoshin jikinta, in kawunansu sun cinye, hannun da ba na kamfani ba ya shiga ciki. Ka danna kowane maɓalli, ka tayar da filasha, ka ɗauki hoto goma a jere. Mai kayan da ya ce ba ya son a gwada, ya riga ya ba ka amsa.

Kada kuɗinka duka su ƙare a gangar jiki. Gilashin gaba, objektif, shi ke yin hoton. Na 18-55 da ke zuwa da yawancinsu ya isa koyo, ka tabbata dai akwai IS a jikin na Canon ko VR a na Nikon, su ke rage rawar hannu. Daga baya sai ka nemi 50mm f/1.8 STM na Canon ko 35mm f/1.8G na Nikon. Ranar da ka ɗauki tsohuwa a bakin ƙofar ɗaki da ɗayansu, fuskarta fes, bayanta ya narke, ranar za ka san me ka saya. Masu Nikon su kula: jerin D3000 da D5000, har da D3300 da D3500, ba su da injin saita gilashi a jikinsu, don haka tsohon 50mm mai harafin D ba zai saita kansa ba, sai mai AF-S. Gilashin AF-P kuma ba ya aiki da D3100 da D3200. Dawaki daga nesa suna son 55-250 na Canon ko 55-200 na Nikon, amma wannan ya jira wata Sallar.

Ina za a saya? Kano ta fi mana kusa da Yamai nesa ba kusa ba, kaya sun fi yawa, kuma za ka riƙe da hannunka. Ka lissafa kuɗin mota da canjin naira kafin ka yi murnar araha. In kana da ɗan uwa mai dawowa daga Faransa, a nan ne gyararriya ta gaske ke da ma'ana: ya saya daga dila mai karɓar kaya in an mayar, ya gwada ta a can yadda na faɗa tun wa'adin bai wuce ba, sannan ya taho da ita da takardarta. Lissafin ba wuya, yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, yuro 200 jaka 131 ke nan da ɗoriya. Sayen da aka yi ta hoton WhatsApp, a tura kuɗi a jira mota, cinikin biri a sama ne. Mafi daɗi a wurina shi ne mai hoton gari da ke son sauya tasa: ka san gidansa, ya san naka. Sai dai irin tasu ce ta fi yawan ƙyaftawa.

Ka ware wani abu don batir na biyu, da cajarsa ta asali, da ɗan famfon roba na hura iska, da jaka mai zif. Katin ajiya na jabu sun yi yawa, wanda aka rubuta wa giga 128 da kuɗin goro zai cinye maka hotunan Sallah gaba ɗaya. Mai giga 32 na kirki ya wadatar. Kamfanonin nan sun rubuta cewa kamarorinsu na aiki daga digiri 0 zuwa 40, mu kuwa Afrilu da Mayu mun saba wuce nan, don haka kada a bar ta cikin mota ko a akwatin babur. Sauya gilashi a ɗaki, bakin kamara na kallon ƙasa. Kuma ka nemi izini kafin ka auna mutum, musamman mata da dattawa, wuraren sojoji da jami'an tsaro kuwa kada ma ka ɗaga ta.

Ɗan yayar tawa ya saurare ni har aka kira isha. Bayan mako uku ya dawo da D3300 da ya samu wurin wani mai hoton biki a Zengo, ƙyaftawa dubu ashirin da ƴan kai, robar riƙonta ta ɗan ɗago. Muka ɗauki sama a f/22, ɗigo biyu muka gani, famfo ya fitar da ɗaya. Ya ce, "Kawu, ɗayan fa?" Na ce ya bar shi tukuna, ya ɗauko jakarsa mu kama Birni kafin hasken la'asar ya sauka daga kan duwatsu.