Ƙuri'ar baki ko ƙuri'ar suna?

A Nuwamban 2021 Buhari ya sa hannu kan dokar sauyin yanayi. To, wakilinku ya goyi baya ko ya ƙi? A majalisar Abuja galibi da baki ake yi: masu "e" su ɗaga murya, masu "a'a" su ɗaga, shugaba ya buga guduma. Akwai sauri kam, sai dai mai gyangyaɗi da mai jayayya duk sun ɓace cikin hayaniya.

Ƙuri'ar suna, wato a kira kowa da sunansa ya faɗi matsayinsa, tana cin lokaci. Da ita sanatocin Amurka suka yi kunnen doki, 50 da 50, kan dokar tallafa wa makamashi mai tsafta a Agustan 2022, mataimakiyar shugaban ƙasar a lokacin, Kamala Harris, ta raba gardama. Sunan kowa na nan a rubuce. Ni ƙuri'ar suna na zaɓa, ko don ranar da onorabul zai dawo kamfe bayan ambaliya ta cinye gonaki.