Hattara da masu tallar farautar ɓauna a Kenya

Jama'a, raina a ɓace nake wannan rubutu. Yayana mutum ne mai son farauta tun muna yara, kuma ya daɗe yana burin ya je inda ake harbin manyan namun daji da izinin hukuma. Watan jiya wasu suka raba shi da dala 2,500.

A Facebook ya ga shafinsu. Hotuna masu ɗaukar ido: Bature durƙushe kusa da ƙatuwar ɓauna, tantuna a bakin kogi, wuta na ci da daddare. Suka ce kwana 7 a Kenya, da masauki da abinci da ɓauna ɗaya, duka dala 5,000, amma sai ya biya rabi kafin alƙalami a ranar, wai gurbi biyu ne suka rage. Ya tura, cikin asusun wani mutum, ba na kamfani ba. Bayan kwana 4 suka dawo neman ƙari, wai na takardar shiga da bindiga. Na ce masa: “Yaya, ka ce su turo maka lasisinsu tukuna.” A gabana ya rubuta musu a WhatsApp. Har yau saƙon yana nan bai shiga ba, hoton da ke kan lambar ma ya ɓace.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙaryar a fili take. Kenya ta haramta irin wannan farauta tun 1977. Mai zuwa gandun dajinsu na Masai Mara kyamara yake riƙewa, ba bindiga ba. Duk wanda ya ce zai kai ka harbin ɓauna a Kenya, ko dai ɗan damfara ne, ko mai neman jefa ka gidan yari.

Inda doka ta yarda sanannu ne: Afirka ta Kudu, Namibiya, Zimbabuwe, Zambiya, Tanzaniya, Mozambik, sai Botsuwana da ta hana a 2014 ta sake buɗewa a 2019. Kusa da mu akwai arewacin Kamaru, inda gwamnati ke ba kamfanoni hayar yankunan farauta a kewayen gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njida, kuma ta Garwa ake shiga. Wanda ke da ɗan'uwa a Garwa, ai aika shi ya ga ofishinsu da idonsa ba abu ne mai wuya ba.

Sai batun kuɗi, inda suke kama mutane. Kamfanin gaskiya kashi biyu yake lissafa maka: kuɗin kowane yini, wanda ya haɗa masauki da mota da ƙwararren maharbin da zai raka ka da masu bin sawu, sannan kuɗin kan kowace dabba daban. Ko rauni ka yi mata ta gudu da jini, sai ka biya. Farautar namijin ɓauna, idan an haɗa duka kuɗin, a mafi yawan wurare ta haura dala 10,000. To wa zai ba ka a 5,000 har da abinci? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai neman rangwame na gaske ya bar maganar ɓauna da damisa, ya duba gonakin namun daji na lardin Limpopo a Afirka ta Kudu ko na Namibiya, inda ake harbin mugun dawa da dangin barewa a farashi mai sauƙi.

Kafin ka fitar da ko kwabo, nemi cikakken sunan maharbin da lambar lasisinsa. A Afirka ta Kudu akwai ƙungiyar ƙwararrun maharba ta PHASA, a Namibiya akwai NAPHA, ka rubuta musu da kanka ka tambaya ko mutumin ɗansu ne. Ka tambayi sunan gonar ko yankin, da ko hukuma ta ware musu kason dabbar a bana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zakin nan Cecil da wani likitan haƙori Ba'amurke ya harbe kusa da gandun Hwange na Zimbabuwe a 2015, filin da aka kashe shi ba shi da kason zaki a shekarar, kuma kun ga irin ƙurar da ta tashi a duniya. Ka ce su haɗa ka da mutum biyu ko uku da suka yi tafiyar bara, ka kira su ka ji muryarsu. A yi yarjejeniya a rubuce, kuɗi kuma su shiga asusun kamfani a ƙasar da za a yi farautar.

Takardar bindigar ma da suka nemi kuɗi a kanta, a Afirka ta Kudu fam ne mai suna SAPS 520, kai za ka cike, 'yan sanda su ba ka izinin a filin jirgin Johannesburg kyauta.

Yayana ya kai ƙara wurin EFCC da rasit ɗin banki da duk hirarsu. Shekaranjiya na sake cin karo da hoton Baturen nan da ɓaunarsa a wani sabon shafi, da sabon suna, wannan karon wai a Tanzaniya ne, kuma a ƙarƙashinsa mutanenmu suna ta tambayar nawa ne kafin alƙalami.