Laftof ɗin ɗalibin mastas da dakta a fiziks, kemistiri da kwamfuta: wanne ya cancanci kuɗinka

Kafin ka taka kasuwa, fara shiga ofishin malamin da zai duba aikinka ka tambaye shi da wace manhaja za a yi binciken. Amsarsa ce za ta zaɓa maka kwamfuta. Ɗalibin fiziks da zai yi lissafin DFT (wato lissafin yadda lantarki ke zama a cikin abubuwa) da Quantum ESPRESSO, da ɗalibar kemistiri da za ta riƙa aiki da Gaussian ko ORCA, da ɗan sashen kwamfuta da zai horar da na'ura da PyTorch, buƙatunsu sun sha bamban ko da kuɗin aljihunsu ɗaya ne. Yawancin waɗannan manhajoji a Linux suka fi sakewa, wasu kuma kamar Origin, da ake zana jadawalin sakamako da shi, sai a Windows. Don haka kana neman na'urar da za ta ɗauki duka biyun ba tare da rigima ba.

Ni dai ba na ɓoye zaɓina. Ga ɗalibin da ke biyan kuɗin makaranta daga albashi ko daga aljihun mahaifinsa, ThinkPad T480 ta gwanjo, irin wadda kamfanonin Turai da Amurka suka gama amfani da ita suka sallama, ita nake nuna wa kowa.

Lenovo ya fitar da ita a 2018, kuma mafi yawansu suna ɗauke da furosesar Intel zubi na 8 (wato 8th generation), irin su i5-8250U, i5-8350U da i7-8650U, masu ƙwaya huɗu (wato core, sassan da ke raba aikin lissafi a tsakaninsu). Zubi na 8 ɗin nan yana da muhimmanci ta fuska biyu. A nan ne Intel ya ninka ƙwayoyin wannan ajin daga biyu zuwa huɗu, sannan daga nan ne Windows 11 ke karɓar na'ura a hukumance, ga shi Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Amma abin da ya fi kama zuciyata a cikin cikinta yake. Idan ka kwance murfin ƙasa za ka ga ramin RAM, wato ƙwaƙwalwar da na'ura ke riƙe aikin da take yi a kai, guda biyu, babu ko ɗaya da aka liƙe da dalma. Ka saye ta da giga 8 yau, wata uku gaba ka ƙara ta koma 16, ranar da lissafinka ya girma ka kai ta 32. Wanda bai taɓa ganin lissafi ya mutu da tsakar dare saboda RAM ya cika ba, zai ɗauka wannan ƙaramin zance ne. A lissafin tsarin lantarki na daskararrun abubuwa, da zarar ka faɗaɗa akwatin daga atom biyu na silikon zuwa atom talatin ko sittin, buƙatar RAM na ƙaruwa sosai.

Sai batir. T480 tana da gurbin batir biyu, ƙarami a ciki mai 24Wh da na waje da ake zarewa da hannu, wanda babbansa ya kai 72Wh. Kana iya zare na wajen ka sa wani tana kunne, na cikin ya riƙe ta. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, ɗalibin da ke da batir biyu a jaka ya fi mai tsadaddiyar na'ura kwanciyar hankali. Tana kuma caji ta USB-C, ke nan fawa-bank mai ƙarfin wat 65 zai iya ciyar da ita. Daga T490 Lenovo ya cire batirin waje, ya kuma liƙe wani ɓangare na RAM a jikin babban allon cikin na'urar, wato motherboard, shi ya sa har yau masu Linux ke farautar T480. Ubuntu, wani nau'in Linux, na hawa kanta lafiya lau, wayafai da sauti da komai suna tashi ba tare da ka kwana kana neman direba, wato manhajar da ke tayar da su, ba. Kayan gyaranta kuwa, kibod da fanka da sikirin, duk mai gyaran da ya san aikinsa a titin Beirut a Kano ko Banex a Abuja zai samo maka. Ka nemi mai sikirin 1920 da 1080, domin mai 1366 da 768 zai gajiyar da idonka idan ka buɗe takarda a gefe ɗaya, lambobi a ɗaya gefen. Kuma ranar da ka kawo ta gida ka sabunta manhajar Thunderbolt ɗinta daga shafin Lenovo, domin kamfanin da kansa ya fitar da gyara kan matsalar da ke iya kashe ramin cajin.

Tana da iyaka. Furosesarta ta wat 15 ce, idan ta yi zafi takan rage gudu, kuma a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri za ta yi zafin. Aikinta shi ne ka shirya lissafi, ka gwada ƙanana, ka zana sakamako, ka rubuta kundinka da LaTeX. Manyan lissafi gidansu babbar kwamfutar cibiya, kuma hanyar samunta ta hannun malaminka ce da abokan aikinsa, irin waɗanda suka bi ta cibiyar binciken fiziks ta ICTP a Trieste ta Italiya ko makarantar ASESMA da ke zagaya ƙasashen Afirka tana koyar da wannan fanni. Babu laftof ɗin da zai maye gurbin wannan.

In kuɗinka ya ɗan fi haka kuma malaminka ba shi da inda zai tura ka, duba yayyenta: ThinkPad P52 ko P53, Dell Precision 7530 ko 7540, HP ZBook 15 G5. Suna da ramin RAM huɗu, ana samun su da furosesa mai ƙwaya shida, fankokinsu biyu. Nauyi ne da su, cajarsu ma kaya ce guda, batirin kuma ba ya jimawa idan ana lissafi. Wanda ke da sola a gida ko a ɗakin bincike zai more su. ThinkPad T14 mai furosesar AMD Ryzen 7 Pro 4750U ita ma ta yi, ƙwaya takwas ce, kuma a gudu ta bar T480 nesa.

MacBook mai M1 batirinta abin yabo ne, amma RAM ɗinta a liƙe yake, mai giga 8 haka za ta mutu da giga 8, kuma ba ta san CUDA ba, wato tsarin da ake lissafi da shi a katin NVIDIA. Chromebook ba ta cikin wannan zance. Ƙyale-ƙyalen laftof na roba masu Celeron da ake jerawa sababbi a kwali, ka wuce su ko da mai shago ya rantse.

Laftof ɗin wasan gem shi ne ke ruɗar 'yan sashen kwamfuta, kuma suna da hujja, tunda horar da na'ura na son katin NVIDIA. Abin dubawa a katin shi ne ƙwaƙwalwarsa: giga 4 na RTX 3050 zai cika nan da nan, giga 6 na 3060 ko 8 na 4060 sun fi dama. Mai GROMACS, manhajar kwaikwayon motsin atom, ma zai ga amfaninsa sosai. Mai DFT kuwa kada ya ɓata kuɗinsa, domin lissafinsa na buƙatar lambobi masu ninkin daidaito, kuma katunan gem a nan suke da rauni ƙwarai. Sannan da an ɗauke wuta gudunsu ke faɗuwa, batirin ya zube. Kafin ka kashe wannan kuɗi gwada Google Colab da Kaggle, duka suna ba da katin kyauta na wasu sa'o'i, kuma aikin mastas da yawa bai wuce nan ba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe ido, domin zaɓen samfuri sauƙi ne da shi, samun na gaskiya shi ne aiki.

An taɓa sayar mini da wata a wani shago da sunan "Core i7", sitika tana ƙyalli a gefen kibod, bayanin da Windows ya nuna ma i7 ne. Sai da na ɗora Ubuntu na rubuta lscpu, umarnin da ke nuna bayanin furosesa, na ga ƙwaya biyu. Tsohon zubi ne, RAM ɗin a liƙe, kuma da na so shiga BIOS, shafin saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ya tashi, na tarar da kalmar sirrin kamfanin da ya yi amfani da ita tun a Turai. Mai shagon ya ce ai i7 na tambaya, i7 ya ba ni. Tun daga nan duk wanda zan raka kasuwa sai na sa shi ya haddace wannan: lambar farko bayan alamar tsakiya ita ce zubin, daga zubi na 10 zuwa sama kuwa lambobi biyun farko ne. i7-6600U da i7-7500U ƙwaya biyu ne, i5-8250U ƙwaya huɗu ce kuma ta fi su aiki. Ita kanta T480 akwai waɗanda suka fito da i5 zubi na 7, don haka sunan samfurin kaɗai bai wadatar ba. Sunan furosesar da ke fitowa a shafin bayanin Windows kuwa ana iya sauya shi da hannu cikin minti biyu. Ka je da filash ɗinka mai CPU-Z, ko mai Ubuntu da za ka tayar da na'urar da shi, ka gani da idonka. Mai shagon da ya hana ka sa filash ya riga ya ba ka amsa.

Ka kashe ta ka kunna, ka danna F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP. In ta nemi kalmar sirri, ajiye ta. Kada ka saurari "za a cire maka gobe", domin a sababbin ThinkPad cire wannan kulle aikin taɓa allo ne, kuma ba kowa ke tashi lafiya daga hannun masu yin sa ba. A cikin BIOS ɗin ka duba ko Computrace ko Absolute na kunne, wannan igiya ce da tsohon mai ita zai iya ja daga nesa ya kulle ta. Ka haɗa lambar siriyal ta BIOS da wadda ke ƙasan na'urar, in sun saɓa an yi mata dashen allo. Ka haɗa ta da intanet a shagon. Wasu suna nan rajiste da sunan wani kamfani, sai ranar da ka sake ɗora Windows ta buɗe da tambarinsu tana neman imel ɗin ma'aikaci. MacBook ma haka, kullen iCloud ko na kamfani ya mayar da da yawa kayan ado.

SSD, wato faifan ajiyar fayiloli, shi ne inda cutar ta fi muni, domin ita ba ta bayyana sai ta ci aikinka. Akwai na jabu da aka shirya su faɗi tera 1 alhali cikinsu bai kai ko kusa ba. Za su karɓi fayil, su nuna sunansa, su riƙa rubuta sabo a kan tsoho, sai ranar da ka buɗe sakamakon wata shida ka tarar da shara. H2testw a Windows ko f3 a Linux suna cika faifan su karanta, su tona asirinsa. CrystalDiskInfo zai gaya maka sa'o'in da ya yi yana aiki da lafiyar da ta rage masa. Ni shawarata ma ka sayi na'urar da kowane faifai ta zo da shi, ka sa sabon Samsung, Crucial ko WD daga dillalin da zai ba ka rasit, tsohon ya zama na ajiya.

Batir kuma ka buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai nuna ƙarfin da aka ƙera shi da shi da wanda ya rage. A T480 ka tabbata batir biyu ya lissafa, domin akwai waɗanda ke zuwa babu na cikin, kuma ba za a gaya maka ba. Caja mara nauyi kamar kwalin ashana jabu ce, ka ce a canja. Ka buɗe shafin rubutu ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sayo daga Maraɗi ko Yamai ya lura, na Faransa kibod ɗinsu AZERTY ne, jerin haruffansa daban da namu na QWERTY. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ya saba da shi, amma mai rubuta Python da ya taso da QWERTY zai sha wahalar neman baka da alamomi.

Daga nan ka ba ta aiki mai nauyi na minti goma sha biyar a gaban mai shagon, ka sa hannu a bakin fanka. Iska mai zafi na fita, alama ce mai kyau. In shiru ka ji kuma jikinta na ƙuna, ko ta mutu da kanta, ƙura ta toshe ta ko fankar ta tafi. Rasit ya ɗauki lambar siriyal, sunan furosesa cikakke, adadin RAM, da kwanakin da aka yarda za ka iya dawo da ita, da sa hannu. "Ai mun saba, Alhaji" ba ya cikin abin da ake karɓa a madadin wannan.

Akwai cuta ta ƙarshe da ke biyo bayan ciniki. Za a ce a ƙara kaɗan a zuba maka Gaussian, MATLAB da VASP. Duk na sata ne, sau da yawa da ƙwayar cuta a ciki, kuma VASP lasisinsa na rukunin bincike ne mai suna, wanda ya buga takarda da shi ba tare da lasisi ba ya jawo wa kansa da malaminsa magana. Quantum ESPRESSO, LAMMPS, GROMACS, Octave da Python kyauta ne, ORCA ma kyauta ne ga masu binciken jami'a bayan rajista. Kuɗin da za ka ba mai zuba manhaja ka ƙara a kan RAM, ko ka sayi faifan waje da za ka riƙa kwafe kundinka a kai duk Juma'a.