Faifan Bruce Forsyth: na farko ya biya kuɗinsa, na biyu ya ɓata min rai

Tun zuwana Ingila na riƙa ganin tsohon nan Bruce Forsyth duk daren Asabar yana gabatar da Strictly Come Dancing, gasar rawa ta talbijin, da doguwar haɓarsa, yana tsokanar alƙalai. Sai da ya rasu a 2017 yana da shekara 89 na ji ashe tun 1939 ya fara fitowa a talbijin, yana ɗan shekara 11. Shi ya sa da na ga wani a intanet yana sayar da faifan DVD uku a kwali ɗaya, wai aikinsa ne kaf, ko ciniki ban tsaya yi ba.

Faifan farko kam ba ni da ta cewa. Akwai shirin gidan wasan London Palladium na 1961, lokacin da 'yan wasa suka shiga yajin aiki, shi da ɗan barkwanci Norman Wisdom su biyu rak suka riƙe shirin har ƙarshe. Wurin da suke liƙa takardar ado a bango, gam ya wanke Norman tun daga ka har ƙafa, maiɗakina da ba ruwanta da barkwancin Turawa sai da ta yi dariya har da hawaye. Hoton baƙi da fari ne, yana ɗan rawa, amma wa ya damu? A daren nan na ce tauraro biyar zan ba shi.

Kashegari na saka na biyu, don dama shirinsa da mawaƙin Amurka Sammy Davis Jr. na 1980 ne ya sa na fitar da kuɗina. Daidai sun fara rawar nan ta buga takalmi a ƙasa sai hoto ya tsaya cak, Bruce ƙafa ɗaya a sama. Na goge da gefen riga, na hura, na gwada a kwamfuta, nan dai yake tsayawa. Da na juya bayan faifan, karce ne kamar kyanwa ta yi wasa da shi. Kuma "sabo" aka rubuta!

Kwana tara mai kayan ya yi kafin ya amsa min, wai lafiya lau ya bar hannunsa. Na ukun ma, shirinsa na gasar iyalai The Generation Game, 'yan guntaye ne kawai aka tsakuro.

Tauraro biyu, su ma albarkacin Norman da bokitin gam. Har yanzu ban ga ƙarshen rawar nan ba.