Jirgin ƙarfe 7:42 zuwa Landan: sharhi bayan shekara uku ina hawansa

Shekara uku ke nan ina hawan jirgin ƙasa daga wani ƙaramin gari da ke kudancin Landan zuwa wurin aikina a tsakiyar birni, kwana biyar a kowane mako, saboda haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani game da kamfanin da ke ɗaukar fasinjojin layinmu. Taragun suna da tsabta, akwai wurin cajin waya, kuma ma'aikatan tasha mutane ne masu ladabi da haƙuri, har tausayi suke ba ni, domin su ne suke shan faɗa a kan laifin da ba nasu ba. Iyakar yabon da zan iya yi ke nan.

A jadawali tafiyar minti 34 ce. Ba makarar jirgi ba ce ta fi damuna, domin a tashar mota ta gida na saba zama har sai mota ta cika, amma can babu wanda ya yi mini alƙawarin lokaci. Nan kuwa an rubuta lokacin, an karɓi kuɗina a kansa, sa'an nan a riƙa janye shi kaɗan-kaɗan. Wata safiya a watan Nuwamba allon tasha ya nuna jirgin zai iso ƙarfe 7:42, sai ya koma 7:46, sai 7:53, daga nan lokacin ya ɓace gaba ɗaya, muna tsaye cikin yayyafi muna jiran gawon shanu, kafin lasifika ta ba mu haƙuri ta ce an soke shi. Da sun faɗi gaskiya tun farko, da na tsallaka titi na hau bas. Jirgin da ya biyo baya ya zo da tarago huɗu maimakon takwas, babu masaka tsinke, kuma wata ma'aikaciyar jinya da ke kusa da ni tana ta roƙon abokiyar aikinta ta waya cewa ta ƙara riƙe mata ɗakin marasa lafiya, alhali ita waccan ta kwana a bakin aiki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsallake tasha. Idan jirgi ya makara, sai a umarci direba ya wuce ƙananan tashoshi irin tamu ba tare da tsayawa ba, don ya rama lokaci. Hujjarsu ita ce jirgi ɗaya da ya makara yana iya tare wa goma hanya, kuma wannan gaskiya ne a kan layi mai cunkoso. Sai dai wanda ya ga jirginsa ya wuce ta gabansa da gudu, ga kujeru a sarari ta taga, shi ne ya biya kuɗin wannan gyara, ba kamfanin ba. An daɗe a Birtaniya ana ƙidaya jirgin gajeren zango a matsayin wanda ya zo a kan lokaci muddin ya isa tasharsa ta ƙarshe cikin minti biyar na lokacin da aka tsara, ma'aunin da ba ya ganin mutumin da aka bari a tsakiyar hanya.

Dalilan da suke bayarwa, na bincika, ba duka ne ƙarya ba. Na yi dariya ranar da na fara jin cewa ganyen bishiya ne ya tsayar da jirgi, amma a lokacin kaka ganyen yana zuba a kan dogo, ƙafafun jirgi su niƙe shi ya zama wani baƙin abu mai santsi, birki ya ƙi kamawa, dole direba ya rage gudu. Yawancin layukan kudancin Landan kuma daga wani dogo na uku da ke shimfiɗe a ƙasa suke jan wuta mai ƙarfin bolt 750, kuma da hunturu ƙanƙara takan lulluɓe shi. Amma kaka da hunturu ba baƙi ba ne, kowace shekara suna zuwa. Uzurin da ba na karɓa ko kaɗan shi ne na ƙarancin direbobi, musamman ranar Lahadi, inda a kamfanoni da dama aikin ranar ya dogara ga waɗanda suka yarda su yi ƙarin aiki don raɗin kansu.

Tun daga dokar 1993 da ta raba harkar jiragen ƙasa ta miƙa wa 'yan kasuwa, masu kula da dogo da sigina daban, masu tafiyar da jirage daban, shi ya sa kowane ɓangare yake da wanda zai nuna wa yatsa. A 2024 an yi dokar mayar da kamfanonin fasinja hannun gwamnati ɗaya bayan ɗaya, amma a tasharmu tsugune ba ta ƙare ba.

Akwai diyya, a tsarin da suke kira Delay Repay: makarar minti 15 zuwa 29 ana mayar da rubu'in kuɗin tafiya ɗaya, minti 30 zuwa 59 kuma rabi. Suna biya, ban taɓa rasa nawa ba, sai dai sai ka cike fom a intanet kowane karo, kuma abin da ke shigowa ba ya kai kuɗin tarar da gidan renon yara ke ci na idan na makara wajen ɗauko 'yata.

Yanzu na koma hawan jirgin 7:12, ina isa ofis da rabin awa da ba na bukata, kuma na daina yin alƙawarin ganawa da kowa kafin ƙarfe goma. Wanda yake shirin kama haya a gefen birni saboda sauƙin kuɗin gida, ina ba shi shawara ya sayi tikitin mako ɗaya tukuna, ya gwada layin a watan Nuwamba, kafin ya sa hannu a takardar haya ko ya biya tikitin shekara.