Digiri ta intanet ko ajin yamma: wanne ya fi wa ma'aikaci?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya kawo tambaya. Yana aiki daga safe zuwa yamma, kwana biyar a mako, ga iyali, kuma yana son ya yi digiri ba tare da ya ajiye aikin ba. Hanya biyu ce a gabansa: digiri ta intanet, ko shirin da ake zuwa aji da yamma da ƙarshen mako. Wacce ta fi, kuma takardar da aka samu ta intanet tana da daraja a wurin masu ɗaukar aiki?

Malam, bari mu fara da abin da tallan makarantu ba ya faɗa. Intanet tana sauke maka wahalar zuwa da dawowa, tana kuma ba ka damar zaɓen lokacin da za ka zauna karatu. Amma awannin karatun kansu ba ta rage maka ko ɗaya. Yawancin waɗanda suka fara suka bari, a nan suka yi kuskuren lissafi.

Lissafin awanni

Jami'o'i na ƙwarai suna auna nauyin karatu da kiredit, kuma ma'aunin ɗaya ne ko a aji ko a kwamfuta. A Ingila kiredit 1 yana nufin awa 10 na aiki, digirin farko kuma kiredit 360 ne, wato awa 3,600. Jami'ar Open University, wadda aka kafa a 1969 domin masu karatu daga nesa, tana lissafa wa mai karatun rabin lokaci kiredit 60 a shekara, kimanin awa 16 zuwa 18 a mako, har tsawon shekara 6. Digiri na biyu a can kiredit 180 ne, awa 1,800. A Amurka digirin farko kiredit 120 ne, kuma kwas mai kiredit 3 yana cin kusan awa 9 a mako: uku na lacca, shida na karatu da aikin gida, cikin zango mai mako 15.

Ka lura da wani tarko a nan. Shirye-shiryen intanet da yawa suna matse zango ya koma mako 8, suna kiran haka da saurin gamawa. Awa 135 ɗin da kwas ɗaya yake buƙata ba su tafi ko'ina ba, an dai tura su cikin mako 8 ne, sai ya zama kusan awa 17 a mako a kan kwas ɗaya tak. Ma'aikacin da ya ɗauki kwas biyu a irin wannan zango ya ɗora wa kansa aiki na biyu na cikakken lokaci bai sani ba.

To me intanet ta tsira maka da shi? Hanya. Idan ajin yamma kwana uku ne a mako, kuma zuwa awa ɗaya dawowa awa ɗaya, awa 6 ke nan a mako, awa 180 a shekarar karatu mai mako 30. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Ɗauki takarda ka rubuta makonka: awa 168 ne gaba ɗaya. Cire aiki, cire barci, cire hanya da ibada da hidimar gida. Idan abin da ya rage bai kai awa 15 da za ka iya nunawa da yatsa ba, wato ranar kaza daga ƙarfe kaza zuwa kaza, to ka rage yawan kwas tun kafin rajista, ko wace hanya ka bi.

Wa ke riƙe da agogo

Ajin yamma yana da jadawali tsayayye. Aibinsa shi ne ranar da aka tsayar da kai a ofis ko aka tura ka tafiya, ka rasa darasin, kuma makarantu da yawa ba sa barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai halartarsa ta kai wani kaso. Amfaninsa kuma shi ne wannan tilascin kansa. Maigidanka a wurin aiki da iyalinka duk sun san ranar Talata da yamma ba ka nan, ba mai nemanka.

Karatun intanet iri biyu ne, kuma mutane suna haɗa su wuri ɗaya. Akwai wanda ake yin lacca kai tsaye a Zoom ko makamancinsa, kowa ya shiga a lokaci guda. Akwai kuma wanda aka naɗi laccocin aka ajiye a dandalin makaranta, irin su Moodle ko Canvas, ka kalla lokacin da ka samu sarari, ka miƙa aiki kafin wa'adi. Mai aikin canji, yau dare gobe rana, na biyun ne kawai zai yi masa. Na farkon ajin yamma ne da aka ɗauke masa hanya. Idan kuma jami'ar tana wata nahiya, ka duba agogonta: laccar ƙarfe 7 na yamma a gabashin Amurka tsakar dare take faɗowa a yammacin Turai da yammacin Afirka. Wa'adin miƙa aiki ma da agogonsu ake lissafa shi, kuma Amurka da yawancin ƙasashen Turai suna matsar da agogo sau biyu a shekara. Aiki yakan makara da awa ɗaya saboda wannan kaɗai, a rage masa maki.

Darajar takarda

A nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Abin da ke ba takarda daraja shi ne sunan jami'ar da kuma amincewar hukuma, ba hanyar da darasi ya bi ya iso ka ba. Karatu daga nesa ya girmi intanet nesa ba kusa ba: Jami'ar Landan ta buɗe wa ɗaliban waje ƙofa tun 1858, UNISA ta Afirka ta Kudu ta koma koyarwa daga nesa a 1946, Indiya ta kafa jami'ar karatu daga nesa ta IGNOU a 1985. Georgia Tech ta Amurka ta fara digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta ta intanet a 2014, kuma takardar da take bayarwa iri ɗaya ce da ta masu zama a aji. Irin waɗannan ba wanda zai yi musu kallon raini.

Sai dai kasuwar ta cika da 'yan damfara, domin buɗe shafi mai hoton dogayen gine-gine ya fi gina jami'a sauƙi. A 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo wani kamfani a Karachi ta Pakistan mai suna Axact, da aka danganta shi da ɗaruruwan shafukan makarantun bogi masu sayar da takardu. A wannan fanni ajin yamma ya fi tsaro, tunda gani ya kori ji: ga ginin, ga malaman, ga tsofaffin ɗalibai da za ka tambaya.

Kafin ka biya ko sisi a shirin intanet, bi waɗannan matakai bi da bi. Na farko, nemi sunan jami'ar a shafin hukumar da ke kula da jami'o'i ta ƙasar da take, ba a shafin jami'ar ba. A Amurka akwai jerin ma'aikatar ilimi da na CHEA, majalisar da ke sa ido kan hukumomin tantance jami'o'i, akwai kuma kundin WHED da ke tattara jami'o'in duniya da ƙasashensu suka amince da su. Na biyu, bincika hukumar da aka ce ta tantance ta, domin masu jami'ar bogi sukan ƙirƙiro hukumar bogi ta ba su shaida. Na uku, tabbatar cewa kwas ɗin kansa an amince da shi, ba jami'ar kaɗai ba. Na huɗu, wanda aka fi tsallakewa: rubuta wa sashen ma'aikata na wurin aikinka, da hukumar da ke tantance takardun waje a ƙasarka, ka tambaye su ko suna karɓar wannan digiri daga wannan jami'a ta wannan hanya, kuma amsar ta zo a rubuce. Akwai ƙasashe da ma'aikatun da ke karɓar digirin jami'a idan an zauna a aji, su ƙi na jami'ar nan ɗaya idan daga nesa aka yi. Gara ka ji haka yau da ka ji bayan shekara huɗu.

Alamun bogi kuma ba sa ɓuya: digiri cikin 'yan watanni, digiri bisa "gogewar rayuwa" ba jarrabawa, suna mai kama da na wata shahararriyar jami'a, da mai waya da ke matsa maka cewa rangwame zai ƙare gobe. Kada kuma ka rikita shaidar gajeren kwas ta Coursera ko edX da digiri. Suna da amfaninsu, wasu jami'o'i ma suna bayar da cikakken digiri ta waɗannan dandali, amma shaidar kwas na mako shida abu ne daban.

Fannin da kake so

Lissafin kuɗi, gudanarwa, kimiyyar kwamfuta, tattalin arziki, harsuna, duk suna tafiya lafiya ta intanet. Aikin jinya, likitanci, harhaɗa magunguna da yawancin injiniyanci suna buƙatar asibiti da ɗakin gwaje-gwaje, koyarwa kuma tana buƙatar gwajin aji. A irin waɗannan, hukumar da ke ba da lasisin sana'a ita ce mai magana ta ƙarshe, ba jami'a ba. Idan shirin ya ce za a yi horon aiki, tambayi wa zai nema maka wurin. Sau da yawa amsar ita ce kai.

Kuɗi

Mutane suna ɗauka intanet ta fi araha. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuɗin kiredit ɗaya ne da na aji, har da ƙarin kuɗin fasaha da na sa ido a jarrabawa. Ka nemi jimillar kuɗin digirin daga farko zuwa ƙarshe, ba na zango ɗaya ba. A ɓangaren intanet ka ƙara kwamfuta mai kyamara, domin waya ba ta isa rubuta dogon aiki ko zama jarrabawa, ka ƙara data, tunda lacca ta bidiyo kai tsaye tana iya cin kusan gigabait 1 a awa, da tanadin wuta. Idan da kuɗin wata ƙasa ake biya, canji zai iya sauyawa a tsakiyar karatu albashinka kuwa yana nan yadda yake. A ɓangaren aji, kuɗin hanya ne da awannin aikin da za ka rasa.

Jarrabawa

A aji ka san yadda take. Ta intanet kuwa yawanci da manhajar sa ido ake yi: ka nuna katin shaida, ka zagaya da kyamara a ga ɗakin, manhajar ta kulle sauran shafuka, ana naɗar fuskarka da sautin ɗakin har ka gama. Yaro ya shigo, ko ka yawaita kallon gefe, sai a sa maka alamar zargi. Intanet ta yanke a tsakiya, wasu makarantu suna ba ka 'yan mintuna ka dawo, wasu sai ka cike takardar ƙorafi ka jira. Karanta wannan ƙa'ida tun kafin rajista, ka tanadi layi na biyu a waya, ka kuma gwada manhajar kwana biyu kafin ranar, domin kwamfutar ofis takan ƙi karɓarta. Wasu shirye-shiryen kuma a wata cibiya ake zama jarrabawarsu, sai ka san nisanta da kai.

Inda ake faɗuwa

A ra'ayinmu babban aibin intanet ba fasaha ba ne, shiru ne. Wanda ya yi fashin ajin yamma sau biyu, abokin zamansa zai kira shi. Wanda ya daina buɗe dandali, ba mai lura sai wa'adi ya wuce. Yadda abin yake faruwa kusan iri ɗaya ne: aiki ya yi yawa a mako na uku, a ce za a rama ranar Asabar, laccoci shida su taru, kunya ta hana a rubuta wa malami, daga nan sai a sulale. Maganinsa tsayayyen lokaci ne kamar na aji, da abokan karatu biyu ko uku da kuke haɗuwa duk mako, da rubuta wa malami kafin wa'adi ba bayansa ba. Malamai da dama suna ƙara wa ma'aikaci kwanaki idan ya nema da wuri.

Ajin yamma ya kuma fi ba da mutane. Hirar bayan lacca, malamin da ya san fuskarka har zai rubuta maka takardar shaida da zuciya ɗaya, abokin da zai gaya maka ana neman ma'aikata a wurinsu, waɗannan ta intanet sai ka neme su da gangan. Wanda yake son ƙarin girma a inda yake, wannan rashin ba zai dame shi sosai ba. Mai son sauya sana'a gaba ɗaya zai ji shi.

A halin da ka bayyana, Malam, tunda aikinka na rana ne mai tsayayyen lokaci, idan akwai jami'a mai rajista da ba ta wuce tafiyar rabin awa ba kuma tana da fanninka da yamma, mu ita za mu sa a gaba, musamman idan ka daɗe rabonka da aji. Idan ta yi nisa, ko aikin yana yawan tura ka tafiya, to intanet, irin mai laccocin da aka naɗa. Ko da ita ka zaɓa, zangon farko ka ɗauki kwas ɗaya kawai, ka riƙa rubuta awannin da ya ci maka kowane mako. Ka kuma tambayi makarantar abu uku a rubuce: shekara nawa aka yarda ka ɗauka kafin kiredit ɗinka su lalace, za ka iya dakatar da zango ba tare da tara ba, kuma idan kana da difloma, kwas nawa za su yafe maka da ita.